Nasiha ga matasan malamanmu na Sudan masu neman tallafin gidauniyoyin ilimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha ce zuwa ga ƙannena da tsararrakina masu riƙe da alli a makarantun Gadarif da Kasala da Sinnar da Mai Wurno da Damazin, waɗanda suka koma aji bayan doguwar rufewa suka tarar da yaran da suka bari sun yi tsawo amma karatunsu ya koma baya. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 harkar ilimi ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar UNICEF ta bayyana cewa yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, makarantu da yawa sun zama masaukin waɗanda yaƙi ya kora daga gidajensu, kuma jarrabawar kammala sakandare da ya kamata a zauna a 2023 ba a samu yin ta ba sai a ƙarshen Disamba 2024. A irin wannan hali ba abin mamaki ba ne maganar tallafin gidauniyoyi ta cika bakin matasan malamai, kowa yana tura wa ɗan'uwansa sanarwa a WhatsApp yana cewa a gwada sa'a. Neman ba laifi ba ne, amma yadda da yawanmu ke yin sa yana buƙatar gyara.

Ya kamata ustazu ya fara sanin ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Manyan asusun da muke jin sunayensu, irin su Education Cannot Wait da aka kafa a 2016 domin karatun yara a wuraren rikici, da gidauniyar Education Above All ta ƙasar Katar da aka kafa a 2012, da Cibiyar Agaji ta Sarki Salman da ke Riyad tun 2015, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, ba su saba miƙa kuɗi hannun malami guda ba. Kuɗinsu yana bi ne ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi masu rajista, daga nan ne ɗan abin da zai isa aji yake gangarowa. Saboda haka wanda ya zauna ya rubuta wa babbar gidauniya wasiƙa da sunansa shi kaɗai, mafi yawan lokaci ɓata tawadarsa ya yi. Hanyar da ta fi kusa ita ce ka haɗa kai da mudir, wato shugaban makarantarku, da majalisar iyayen yara, sannan ku nemi ƙungiyar cikin gida wadda ke da rajista da Hukumar Agajin Jinƙai kamar yadda dokar ayyukan sa-kai ta 2006 ta tanada, domin aikinka ya shiga cikin nata. Ƙananan tallafi da ake ba malami kai tsaye suna nan, amma su ma za su nemi takardar amincewar shugaban makaranta mai hatimi.

Babban kuskuren da nake son jan hankalinku a kai shi ne fara takarda da jerin kaya. Za ka ga matashi mai himma ya rubuta cewa yana buƙatar kwamfutoci ashirin da majigi da farantan sola da intanet, ya cika shafi uku da yabon fasahar zamani, amma babu layi ɗaya da ya faɗi abin da ɗalibinsa ya kasa yi yau wanda zai iya yi bayan wata shida. Masu tantance takardun nan sun karanta ɗaruruwan irinta, kuma sun san abin da ya faru a wasu ƙasashe. A Peru an raba wa yaran ƙauyuka ƙananan kwamfutoci masu yawan gaske ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna cewa makin yaran a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A nan Sudan kuwa shirin koyar da lissafi ta wasa a allon hannu mai aiki da hasken rana, wanda ƙungiyar War Child ta Holan ta gwada tare da Jami'ar Ahfad da hukumomin ilimi a ƙauyukan da ba su da makaranta, ya karɓu har aka kai shi wasu ƙasashe, domin an gina shi ne a kan manhajar ƙasa, an kuma auna abin da yara suka koya kafin a fara da bayan an gama. Bambancin bai tsaya ga na'ura ba, yana ga tambayar da aka fara yi.

To mece ce tambayar a azuzuwanmu? Ku duba yaron da ya tashi a gidan da ake Hausa, uwarsa da kakarsa da abokan wasansa duk Hausa suke masa, sai ranar farko a makaranta ya tarar da littafi da Larabcin fusha wanda ko ɗan Balarabe sai ya sha wuya kafin ya saba da shi. Sau da yawa yaron nan ya riga ya zauna a halwa, wato makarantar allo, ya san baƙaƙe da wasulla, yana iya biya allonsa ba gargada, amma idan ka ce ya gaya maka abin da sakin layin da ya karanta a littafin aji uku yake nufi, sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa. Ga kuma shekara biyu ko fiye da yaƙi ya cinye, ta yadda a benci guda za ka samu mai shekara takwas da mai sha uku, wani ya zo daga Khartum wani daga Madani, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wannan ita ce matsalar da ta cancanci tallafi, kuma babu wanda ya fi ku saninta.

Sabuwar dabara ba dole sai mai tsada ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wata hanya mai sauƙi, wato a raba yara gwargwadon matakin karatunsu maimakon shekarunsu ko ajinsu, a ware musu sa'a ɗaya ko biyu kullum, kuma an ɗauki hanyar a ƙasashen Afirka da dama har da arewacin Najeriya. Malamin da ya ɗauki irin wannan ya daidaita ta da yanayinmu, ya haɗa ta da katunan kalmomi da gajerun labarai da za a fara tattaunawa a kansu da Hausa kafin a karanta su da Larabci, ya zo da abin da mai ba da tallafi zai tsaya ya duba. Abin da zai ƙara masa ƙarfi shi ne awo. Ka ɗauki sakin layi guda daga littafin ajin, ka kira yara ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin inuwa, kowa ya karanta na minti guda kana duba agogon wayarka, ka rubuta yawan kalmomin da ya karanta daidai, sannan ka yi masa tambaya uku kan ma'ana. Wannan takarda guda mai sunaye da alƙaluma, wadda ba ta ci maka komai ba sai haƙuri, ta fi shafi goma na kalamai masu daɗi nauyi.

Sai maganar kasafi, inda amana take fara nuna kanta. Darajar fam ɗin Sudan tana sauka kusan kullum, don haka kada ka rubuta farashi daga ka. Ka shiga kasuwa ka karɓo fatura, wato takardar farashi, daga shago biyu ko uku, ka rubuta ranar da aka ba ka farashin, ka kuma faɗa a fili cewa ka bar wani kaso domin tashin kaya. Idan akwai na'ura a ciki, ka faɗi wanda zai ajiye ta da dare, da inda za a yi mata caji, da wanda zai gyara ta idan batirinta ya mutu bayan kuɗin tallafi sun ƙare. Ina kuma roƙonku da girman Allah kada ku ƙara yawan ɗalibai. Aji mai yara arba'in da bakwai a rubuta arba'in da bakwai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka turo mai duba aiki ya ƙirga kawuna ya ga saɓani, ba sunanka kaɗai zai ɓaci ba, makarantar da ƙungiyar da ta tsaya maka da malaman da za su nema bayanka duk sai abin ya shafe su.

Akwai wani abu da ke damuna game da hotuna. Wasu suna ganin sai sun ɗauki yaro cikin tsumma, fuskarsa da ƙura, kafin zuciyar mai bayarwa ta motsa. Waɗannan yara 'ya'yan mutane ne masu mutunci waɗanda jarrabawa ta faɗa wa, kuma hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa. Ka nemi izinin iyaye, ka ɗauki aikin yaran da allunansu da hannayensu suna rubutu, hakan ya wadatar, kuma gidauniyoyin kirki ma suna da ƙa'idar kare yara da ke hana wancan.

Ku yi hattara da masu cewa a turo kuɗin rajista ta manhajar banki ta Bankak kafin a duba takarda, ko a aiko da hoton katin shaida da lambar asusu ta wani mahaɗi da ba a san asalinsa ba. Gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi daga mai nema. Haka nan kada ka kwafi takardar wani ka canza sunan gari, kuma idan wani ya taimaka maka da Turanci ko gyaran Larabci, ka tabbata ka fahimci kowace jimla, domin za a iya kiranka a waya a tambaye ka dalilin kowane layi na kasafin. Ka karanta sharuɗɗan sanarwar har ƙarshe, ka aika kwanaki kafin ranar rufewa, tunda dukanmu mun san halin wuta da layin sadarwa a garuruwanmu.

Idan Allah ya sa aka dace, ka buɗe littafi na musamman tun ranar da kuɗi suka shigo, kowane rasit ka liƙa shi, kuma mudir da wakilin iyaye su sa hannu a kan kowane babban sayayya. Rahoton ƙarshe ya faɗi abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Idan yara goma sha biyu sun daina zuwa lokacin girbin dawa ko riɗi, ka rubuta haka, ka kuma faɗi abin da za ka sauya. Idan kuwa ba a dace ba, ka aika wasiƙar godiya ka nemi a gaya maka inda takardarka ta gaza, ka ci gaba da awon karatun yaranka kowane wata uku da kwali da alƙalamin da kake da su, domin sanarwa ta gaba ta same ka da alƙaluman shekara guda a hannu.