Ƙarfe ya fi mu gata

A watan Oktoba na 2017, a wani taron masu zuba jari a Riyad, aka sanar cewa Saudiyya ta ba Sophia matsayin 'yar ƙasa. Sophia fa mutum-mutumi ce, kamfanin Hanson Robotics na Hong Kong ya ƙera ta. Ta hau dandamali ba abaya, ba muharrami, ba kafili mai tsaya wa baƙo.

A satin na je cin tuwo unguwar Shara Mansur a Makka, wajen wata tsohuwa da muke kira Iya. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya tako daga ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Sudan. Amma da ta hango motar askarawa sai ta ja mayafi ta shige lungu, don igamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu. Jikanta ya nuna mata hoton Sophia a waya, ta daɗe tana kallo, ludayi a hannu, sannan ta ce min, "Ɗan nan, ashe ƙarfe ya fi mu gata."

Iya ba ta san Donna Haraway ba, malamar jami'a a Amurka wadda tun 1985 ta ce iyakar da ke tsakanin mutum da dabba da na'ura ta dushe. Ba ta san Judith Butler ba, ita ma malamar jami'a a can, wadda a 1990 ta ce zama mace ko namiji hali ne da al'umma ke sa mutum ya yi ta maimaitawa, maganar da masu fafutukar 'yancin masu neman jinsi a jami'o'in Amurka suka riƙe. Ni kam akwai inda nake rabuwa da su, addinina da tarbiyyata ba su kai can ba. Sai dai tambayarsu ta tsaya min a wuya: wa ya ba wani alƙalamin rubuta wane ne cikakken mutum?

A gida malamin jami'a yana da baki. Marigayi Bala Usman na ABU Zariya bai taɓa raga wa masu mulki ba, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU kuwa wata takwas ta yi tana yajin aiki a 2022. Matsalarmu, hayaniyar takan ƙare ne a kan albashi. A nan Saudiyya kuwa ga ɗakin karatu, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga albashi kan lokaci, amma baƙon malami ya san kwantiraginsa da igamarsa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Na taɓa kawo zancen Iya a ofis. Abokin aikina ya dubi ƙofa, ya ce shayina zai huce.