Ranar da na zama injiniya

Tun da na sayo injin zuƙe ƙurar nan a wurin 'yan gwanjo, Maman Ummi take kiran sa akuyar ɗaure. Da gaskiyarta, don wayarsa ko tsakiyar falo ba ta kaiwa. Kana ja, filogi ya fizge.

Ranar Asabar da aka ɗauke wuta na ce yau za a san na yi sakandare. Na yanko wayar tsohuwar rediyo, na fere bakinta da reza, na murɗa ta da ta injin, na naɗe da salatif. Ba ma baƙin nan na masu gyaran wuta ba, farin da Ummi take liƙe littafi da shi.

"Baban Ummi, da ka kira mai wayarin."

"A kan wannan ɗan aikin? Ke dai zuba ido."

Ana kawo wuta na kunna. Injin ya kama gurnani, na kai shi har bayan kujera, ina tafe ina ƙasaita. Ba a yi minti biyar ba na ji ƙauri.

"Maman Ummi, girkinki yana ƙonewa!"

"Ni ko tukunya ban ɗora ba."

Ina waiwayawa na ga hayaƙi yana tashi daga haɗin nawa. Ya narke, ya manne a kafet, kafet ɗin ma na kayan aurenta. Ban san ina iya tsallake kujera ba sai ranar.

Mai wayarin da na ƙi kira shi ya zo. Ya kifa injin, ya nuna mini rubutun gindinsa: 1600W, wato yawan wutar da yake sha.

"Alhaji, a wutarmu ta 230 wannan kusan amfiya 7 yake ja. Kai kuma ka ba shi waya kamar silin taliya."

Sai da ya tabbatar an zare filogi ya kwance injin, ya cire tsohuwar wayar ɗungurungum. Ya saka sabuwa mai kauri, irin wadda suke kira 1.5, doguwa, ba haɗi a tsakiya. A cikin filogin, silin waya mai ruwan ƙasa ya tafi ɓangaren fis, shuɗiya ɗaya gefen, ya ɗaure maƙogwaron filogin tamau. Kuɗinsa ma sai da ya ƙara, wai har da na kankare aikina.

Yanzu teburin falonmu a karkace yake zaune, can wajen ƙofa. Duk baƙuwar da ta tambayi dalili, Maman Ummi sai ta nuno ni da baki: "Ga injiniyan nan, tambaye shi."