Alhaji Na Son Sululu

Da hantsi ne, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40 har sifana ma sai an kama ta da tsumma. Bakanike na zaune kan tsohuwar taya a gindin dogon yaro, can wajen Mabera. Yaronsa na wanke noti a cikin gwangwanin fetur, wani ɗan kabu-kabu kuma ya miƙe a benci yana jiran a ɗaure masa birki. Sai ga Alhaji mai albasa bisa mashin, hannu ɗaya a kan kai, ɗaya a ƙugu.

ALHAJI: Salamu alaikum. Wash! Oga, kama ni in sauka.

BAKANIKE: Wa alaikumus salam. Alhaji lahiya? Hwaɗuwa kay yi?

ALHAJI: Da hwaɗuwa ta ai da sauƙi, sau guda akan yi ta a tashi. Wanga mashin kullum sai ya dake ni. Daga Runjin Sambo zuwa nan babu ramin da ba mu gaisa da shi ba, har mutanen gida yat tambaya.

ƊAN KABU-KABU: Baba Alhaji, ka amsa mai dai ko?

ALHAJI: Ƙuguna ya amsa. Oga, sifirin nika son ka sake min, murɗaɗɗen ƙarhen nan na baya. An ce akwai mai taushi, in ka hau kamar kana bisa katihwa.

BAKANIKE: Wa yac ce?

ALHAJI: Ɗana yag gani cikin waya. Wani Bature na, ya cire nashi ya sa mai laushi, shina ta murmushi.

BAKANIKE: Baturen kilo nawa na?

ALHAJI: Ina ruwanka da kilon mutane? Rago na za ka saya?

BAKANIKE: Aikin ke nan dut, Alhaji. Zo ka gani. Wagga shakazoba abu biyu ta. Ga sifirin a waje, shi ka ɗaukar nauyi. Ga kuma wanga bututun a tsakiya, mai na cikinai, shi ka hana sifirin yin tsalle bayan an danne shi. Sifirin doki na, man nan shi na linzami.

ƊAN KABU-KABU: Wallahi gaskiya ta. Bara man tawa shakazobar ya tsiyaye, ban kula ba. Na ɗauko wata Bahillata daga Kwannawa da ƙwaryan nono bisa cinya. Kahin mu kawo Dandima, man shanu ya taso.

YARO: Ta biya ka?

ƊAN KABU-KABU: Ni nic ce ta ƙara min kuɗɗin kaɗi, ta bi ni da mara.

BAKANIKE: To ka ji. In mai ya tsiyaye, ko sifirin na zinari ka sa, tsallen kwaɗo za ka yi ta yi. Yaro, shahwa mu gani.

YARO: A bushe take, Oga, babu yoyo. Amma zo ka ga abin mamaki. Ta dama tana bisa mataki na 5, ta hagu tana na 1.

ALHAJI: Wane mataki kuma? Bene anka gina min a mashin?

BAKANIKE: Ga shi nan ƙasan sifirin, wanga zoben mai haƙora biyar. In ka murɗa shi sama, ya ƙara matse sifirin, bayan mashin ya ɗaga, don mai kaya. In ka sassauta, ya sauka. Ƙarhen shina nan yadda yake, ba ya ƙara tauri ba ya ragewa, matsar da anka yi mai tun farko ita ka sakewa. Kuma dole hagu da dama su zama daidai. Wa yat taɓa maka?

ALHAJI: Ni na. Na murɗa guda, sai anka kira salla.

ƊAN KABU-KABU: Yaushe?

ALHAJI: Da damina.

ƊAN KABU-KABU: Ashe! Mu muna cewa karkata hula sabon yayi na ga Alhazai.

(Mai karatu ya yi haƙuri da Alhaji. Duk unguwa akwai irinsa, mutumin da zai iya gane albasar Wurno da ta Gada ta wari kawai, amma bai taɓa sunkuyawa ya dubi ƙasan abin hawansa ba.)

BAKANIKE: Bari mu daidaita su mu bar ka ka tahi, ko sisi ba ka biya ba.

ALHAJI: A'a. Abin da ba a biya kuɗɗi ba ba ya magani. Sifirin mai taushi nika so.

BAKANIKE: To hwaɗa min gaskiya tsakaninka da Allah. Mi kaka ɗauka bisa mashin ga?

ALHAJI: Ni ɗai.

BAKANIKE: Kai ɗai?

ALHAJI: Ni ɗai. Sai ko Hajiya in za ta biki.

BAKANIKE: Wace Hajiyar?

ALHAJI: Uwargida.

ƊAN KABU-KABU: Innalillahi.

ALHAJI: Mi kac ce?

ƊAN KABU-KABU: Cewa niy yi Allah shi ƙara mata lahiya.

BAKANIKE: Sai wa?

ALHAJI: Sai ɗiya ukku in za su makaranta. Ƙanana na, ba su da nauyi, guda bisa tanki yaka zama.

BAKANIKE: Shi ke nan?

ALHAJI: Sai ɗan buhun albasa daga kauye. Wani lokaci biyu.

YARO: Oga, ga kashin tumaki a kariya.

ALHAJI: Wannan na layya na! Sau guda a shekara! Kuma daga Kara zuwa gida ai ba nisa.

BAKANIKE: Alhaji, wanga ba mashin ba na, amalanke ta mai inji. Kai sifirin mai ƙarhi ya kamace ka. Ka duba Boxer ɗin wanga yaro, sifirin biyu na ga kowane gehe, ƙarami cikin babba. Mutanen Indiya sun san abin da aka ɗora mata, shi ya sa sunka yi hakanan. Taushi ai gwargwadon nauyi na. Abin da aka nema, in ka zauna mashin ya nutse kamar kashi ɗaya cikin ukku na tahiyar shakazoba, sauran ya rage ma ramu. In ka cinye shi dut da zama, rami ya zo ya iske babu komi, sai ƙashin bayanka ya biya bashin.

ALHAJI: Wa'azi nika so da na tahi masallacin Shehu. Wancan sifirin da ka rataye, na mi na?

BAKANIKE: Na roba-roba na. Wata malamar makaranta ta sake nata.

ALHAJI: Ka taɓa jin malama ta yi kukan ƙugu?

BAKANIKE: Malamar jakka ɗai taka ɗauka.

ALHAJI: Sa min shi.

Bakanike ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi aljihun Alhaji, aljihun ya fi kusa. Ya gwada tsawon sifirin biyun da faɗinsu, domin in sabon ya gaza tsawo zai riƙa kaɗawa, in ya cika faɗi ba zai zauna a mazauninsa ba. Aka yi rashin sa'a suka yi kusan daidai. Yaro ya rarumo sukundireba biyu zai fara ɓanɓara.

BAKANIKE: Kai! Aje su! Ɗauko abin matsewa. Ka manta na rannan?

ƊAN KABU-KABU: Mi yaf faru rannan?

BAKANIKE: Sifirin a matse yake ko mashin na tsaye. Wanga ja'iri ya zare makullin sama babu abin riƙewa. Ya wuce ta gehen kunnenai kamar harsashe, ya hwaɗa tukunyar mai shayi can ƙetaren hanya.

YARO: Har yau mai shayin bai ba mu shi ba. Ya ce shi yaka kaɗa ƙwai da shi.

Aka matse, aka zare, aka sa na malama hagu da dama. Alhaji ya hau shi kaɗai, ciki babu abinci, aljihu an rage masa nauyi. Ya zaga ya dawo baki har kunne.

ALHAJI: Aradu sululu! Oga, na bi ta bisa rami ban san na bi ba. Da na biye maka da na mutu da ciwon ƙugu. Ilimi dai ga Bature yake.

BAKANIKE: Allah shi kiyaye hanya. Yaro, kar ka yar da tsohon sifirin. Aje shi kusa.

Washegari bayan la'asar sai ga ƙaurin roba ya riga kowa isowa. Bayansa Alhaji ne yana tura mashin, gumi har gemu, buhun albasa ɗaure a baya. Bayan buhun kuma Hajiya ce a ƙasa, takalmin biki a hannu.

HAJIYA: Ina bakaniken? Kai na kas sa mai wanga abu?

BAKANIKE: Hajiya barka da yamma. Umurni nib bi.

HAJIYA: Ina hawa, mashin ya durƙusa kamar raƙumi. Ramin farko naj ji ƙarhe ya daki ƙarhe, haƙorin Makkana saura kaɗan in haɗe shi. Taya tana cin madigadi, ƙiii, ƙiii, yara na bin mu suna cewa ga mai wasa wuƙa.

ƊAN KABU-KABU: Ni na gan ku jiya da dare ma, Baba Alhaji. Hitilarka ba hanya taka haskawa ba, jemagu taka nema bisa itace.

BAKANIKE: Dole. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga.

ALHAJI: Sifirin ga jabu na. Jiya da sahe lahiya lau yake.

BAKANIKE: Jiya da sahe malama ɗai yaɗ ɗauka. Yau ka aza mai hedimasta da ɗakin ajiya.

HAJIYA: Wa ad ɗakin ajiyar?

BAKANIKE: Albasar, Hajiya. Albasar.

Yaro ya riga ya ɗauko tsohon sifirin. Da ya durƙusa zai kwance noti, ya dafa tayar baya, ya sake dannawa da babban yatsa, sannan ya ƙwanƙwasa ta da sifana. Ta amsa kamar turmi.

YARO: Oga, wagga taya ko dutsen niƙa?

BAKANIKE: Alhaji, wa ka sa maka iska?

ALHAJI: Mai hwaci na bakin kasuwa. Kuɗɗi guda yaka karɓa ko kaɗan ko da yawa, to don mi zan bar mai canji? Nikan tsaya bisa kainai in ce ƙara, ƙara, sai injin ya fara kuka.

BAKANIKE: La ilaha illallahu. Taya ita ta katihwar farko. Ga awon da kamhwani yas sa an manna a jikin mashin, kai kuwa ka riga ka ninka shi. Ko sifirin na audiga na, dole ka ji duka.

ALHAJI: A rage iskar da na biya?

BAKANIKE: A rage. Yaro, danna kujerar ma mu ji.

Yaro ya danna. Yatsansa ya sauka kan ƙarfe kai tsaye. Ya ɗaga ledar kujerar, babu komai a ciki sai tsohon kwali da aka ninka biyu.

BAKANIKE: Alhaji, ina soson kujerar?

ALHAJI: Ikon Allah. Ɓeraye na.

HAJIYA: Wane soso? Mai ruwan ɗorawa? Ai tun azumi nika yanka ina wanke tukwane. Watanni nawa ina cewa ka sawo min soso kana cewa gobe.

ƊAN KABU-KABU: Hajiya, shina da kyau?

HAJIYA: Ya hi na kasuwa kumhwa. Taka kujerar sabuwa ta?

ƊAN KABU-KABU: Oga, bar birkin nan haka, na dawo gobe.