Daɗin daji yana ga wanda ya san iyakarsa

Akwai tambayar da duk mai son daji ya saba ji: kana da ɗakinka, kana da katifarka, me zai kai ka kwana a ƙasa cikin sauro da raɓa? Ni ban ga laifin masu wannan tambaya ba. Gani ya kori ji, wanda bai taɓa kwana a dawa ba da wuya ka iya fahimtar da shi da baki. Waɗanda suka fi damuna su ne 'yan uwana masu shiga dajin, masu cewa suna ƙaunarsa, amma duk inda suka yada zango suka tashi sai ka rantse fari ne suka sauka a gona. Da su nake magana yau.

Abin da na yarda da shi shi ne, farauta da kwanan daji da doguwar tafiyar ƙafa da jaka a baya duk darasi ɗaya suke koyarwa: mutum ya san inda zai tsaya. Nawa zai ɗauka, nawa zai ƙona, nawa zai kashe. Wanda bai koyi wannan ba ya je daji ya dawo ne kawai, bai san shi ba.

Jakar goyo ita ce malamar farko. A gida komai kakan ga kamar ba za ka iya rayuwa babu shi ba, ka yi ta cusawa. Amma da zarar ka fara hawan tudu da rana tsaka, igiyar jakar ta fara cin kafaɗarka, sai kowane abu da ke ciki ya fara bayyana nauyinsa. Masu wannan harka sun daɗe da cewa kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 kada ya wuce kilo 14 ke nan, kuma a ciki har da ruwa, wanda kowace lita kilo ɗaya ce cur. Idan ka cire ruwa da guzuri da tanti da bargo da wuƙa da tocila da ɗan akwatin magani, za ka ga abin da ya rage maka na son rai kaɗan ne ƙwarai. Akwai masu bin hanyar Appalachian a gabashin Amurka, wadda tsawonta ya kai kilomita 3,500, suna kwashe wata biyar zuwa bakwai a kanta, kuma duk abin da suke buƙata yana bayansu. Wannan yana burge ni matuƙa. Mutum ya gano da ƙafarsa cewa abin da ke riƙe rai bai kai yadda yake zato ba, wallahi ilimi ne da ba a samunsa a zaune.

Sai kwanan kansa. Wanda bai taɓa ganin yadda duhu ke sauka a inda babu fitila ko ɗaya ba, an bar shi a baya. Rana tana faɗuwa sai tsuntsayen yini su yi tsit, can sai gyare ya karɓa, kwaɗi su amsa daga bakin ruwa, wani lokaci ka ji mujiya daga nesa. Daren farko kunnenka ba ya hutawa, ganye ya motsa sai gabanka ya faɗi. Zuwa dare na biyu ka fara rarrabe motsin iska da na ɗan ƙaramin abu mai rarrafe, tsoron ya koma sauraro. Idan ka ɗaga kai kuwa, taurari ne birjik har ka rasa inda za ka ajiye ido, ga farin layin nan nasu da ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin wannan layi daga inda suke zaune, saboda hasken fitilun birane ya rufe shi. Abin tausayi ne a ce yaro ya girma har ya tsufa bai taɓa ganin abin da kowane kakansa ya gani kyauta ba.

Kuma ba daɗin ido kaɗai ba ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Colorado sun kai mutum takwas cikin duwatsu suka yi mako guda a tanti, babu waya babu tocila, sai rana da wutar zango. Da suka dawo aka auna, sai aka ga agogon jikinsu ya matso gaba da kusan awa biyu: barci yana zuwa musu da wuri, jiki yana shirin tashi daidai da fitowar rana. Duk wanda ya taɓa kwanan daji ya san wannan ba sai an auna ba. Ka kwanta tun dare bai yi nisa ba, ka farka da asuba garau, babu nauyin kai.

To amma nan ne maganar iyaka take shigowa, musamman a kan wuta. Wutar zango ba gasa ba ce. Ƴar ƙarama da za ta dafa abinci ta ɗumama jiki ta isa, da busassun itatuwan da suka faɗi da kansu, a wuri da aka share aka kewaye da duwatsu. Kafin a tashi a zuba mata ruwa, a motsa tokar, a ƙara zubawa, a sa hannu a ji ta yi sanyi. Garwashin da aka rufe da ƙasa yana iya kwana da rai, iska ta taso ta tone shi bayan kai ka yi nisa. A Amurka, inda suke ƙididdige abin sosai, sama da kashi 80 cikin ɗari na gobarar daji ɗan Adam ne ke jawo ta. Sannan don Allah kada sanyi ya sa kowa ya shigar da gawayi ko risho cikin tanti ya rufe. Iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari ba ta da launi, mutum yakan yi barci ne kawai ba ya farkawa. Kada a kafa tanti a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, domin ruwan sama na iya sauka can nesa inda ba ka gani ba, ambaliya ta iske ka cikin dare. Bayan gida kuwa a yi nesa da ruwa da kamar mita 60, a haƙa rami a binne. Leda da gwangwani da kwalba, yadda ka shigo da su cike, haka za ka fita da su babu komai ciki. Sun ma fi sauƙin ɗauka a lokacin, to wane uzuri ya rage?

Yanzu bari in zo kan farauta, domin nan ne aka fi samun saɓani, kuma nan ne zuciyata ta fi zafi.

Akwai masu ganin duk mafarauci azzalumi ne. Ban yarda da su ba. Mafarauci na ƙwarai ya fi kowa sanin dabba. Zai durƙusa a kan sawu ya gaya maka na barewa ne ko na gada, na jiya ne ko na ɗazu, tana kiwo ne a natse ko a guje take, daga yadda gefen sawun ya ruguje da yadda raɓa ta kwanta a ciki. Zai ɗebi ɗan ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa, don ya san ta inda zai ɓullo ba tare da an shaƙi warinsa ba. Zai zauna awa uku bai motsa ba. Kuma sau da yawa zai koma gida hannu rabbana, ransa fes, domin wadda ta fito masa mai ciki ce ko mai shayarwa, ya sauke bindigarsa ya bar ta ta wuce. Wannan sauke bindigar, a wurina, ita ce ƙololuwar gwanintar farauta. Harbi kowa ma zai iya koya.

Amma masu sukar ba a banza suke magana ba, tarihi yana bayansu. A Arewacin Amurka akwai wata irin kurciya da yawanta ya kai biliyoyi, garkenta yakan rufe rana idan yana wucewa. Aka yi ta kashewa ana lodawa a jiragen ƙasa zuwa kasuwannin birane, har ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Ɓaunar ƙasar, wadda ake ƙiyasta ta kai miliyan 30 ko fiye, kafin ƙarshen shekarun 1880 abin da ya rage bai wuce dubu ɗaya ba. A bakin Sahara ma an ga irin haka da mariri, mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa. Shekaru aru-aru ana farautarsa da ƙafa da doki bai ƙare ba. Da motoci da bindigogi masu sarrafa kansu suka shigo, ga fari ga yaƙi, a shekara ta 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko ɗaya. Sai a 2016 aka dawo da wasu da aka kiwata a killace aka sake su a Chadi, kuma alhamdulillahi suna hayayyafa.

Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan labarai. Ba mutum ɗaya mai neman abin kaiwa gida ne ya ƙarar da su ba. Kasuwa ce da ba ta ƙoshi, da makamin da ya fi ƙarfin dabba, da rashin mai cewa ya isa. Shi ya sa ba na kiran wasu abubuwa farauta ko kaɗan. Wanda ya cinna wa daji wuta don ɓera ko zomo ya fito, ya ƙona ƙwai da 'yan tsaki da ƙananan itatuwa, ɓarna ya yi. Wanda ya zuba guba a ruwan da dabbobi ke sha, ko ya kafa tarkon waya guda ɗari ya manta da rabinsu, dabba ta kwana uku tana fama kafin ta mutu ta ruɓe, zalunci ya yi. Wanda ya bi garke da mota cikin dare ya haske musu ido ya yi ta ɓarin wuta, ban san sunan da zan ba shi ba, amma ba mafarauci ba ne.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an gwada sa iyaka kuma ta yi aiki. A 1937 Amurka ta yi dokar da ta ware harajin da ake ɗora wa bindigogin farauta da harsasai don kula da namun daji da mazauninsu, kuma mafarauta na cikin waɗanda suka goyi bayanta. Aka haɗa da lasisi, da lokacin da aka hana farauta don dabbobi su haihu, da adadin da kowa zai iya kashewa. Barewarsu mai farar wutsiya, wadda ta ragu zuwa ƙasa da rabin miliyan a wajen 1900, yau ana maganar miliyan 30. A Namibiya kuma dokar 1996 ta ba mutanen karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyarsu, daga masu yawon buɗe ido da kuma farauta mai ƙa'ida. Dabbar da a da ake gani a matsayin mai cinye amfanin gona ta zama dukiyar da ake gadi. A ɗaya gefen, Kenya ta haramta farauta tun 1977, amma duk da haka manyan namun dajinta sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku, saboda filin da suke kiwo yana ta komawa gonaki da gidaje da makiyaya. Ba ina cewa haramcin ne ya jawo ba. Ina cewa hani shi kaɗai ba ya ceton dabba idan babu dajin da za ta zauna, kuma babu mutanen da ke ganin amfanin zamanta. Raƙuman dawan yankin Kure a Nijar shaida ne: sun rage 49 kacal a 1996, da hukuma da mutanen wurin suka haɗa kai suka tsare su, sun haura 600.

Don haka ban ce kowa ya ajiye bindigarsa ko ya naɗe tantinsa ba. Akasin haka ma, ina so mutane su ƙara fita, musamman iyaye su fita da yaransu, mata da maza, domin yaron da bai taɓa ganin sawun barewa a kan danshi ba ba zai damu ba ranar da aka ce ta ƙare. A fara da kwana ɗaya a wuri mai aminci da hukuma ta amince, tare da wanda ya san hanya. A faɗa wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A tafasa ruwan rafi kafin a sha. A karkaɗe takalmi da safe saboda kunama. Mai farauta ya nemi lasisi, ya tambayi abin da aka hana taɓawa da watannin da aka rufe, kada ya harba sai ya ga abin da yake auna sarai da abin da ke bayansa, kuma idan ya raunata dabba ya bi jininta har ya same ta ko da zai kai shi dare. Idan kuma a cikin tawagarku akwai mai son cinna wa ciyawa wuta ko harbin mai goyo, ku faɗa masa a gabansa tun kafin ya aikata, ko da babban yayanku ne, kuma in ya ƙi ji kada ku sake fita da shi.