Ruwa na yoyo cikin bango, kowa na cewa ba nasa ba ne

Babu abin da ke ƙona rai a zaman gida kamar yoyon da ido ba ya gani. Kuɗin ruwa ya ninka alhali ba a ƙara mutum ko ɗaya a gidan ba, fentin bango ya fara kumbura, ɗaki sai warin danshi. Ka kira hukumar ruwa, ta ce nata ya tsaya a bakin mita. Ka kira mai gida, ya ce lafiya lau ya ba ka gidansa. Mai gyaran famfo kuwa, bai gama sallama ba ya fara tambayar ina guduma. Kowa ya riga ya yanke wanda zai biya, amma babu ko ɗaya da ya tsaya ya gano ta ina ruwan yake fita. Ita kuwa wannan tambayar ce ke raba gardamar, kuma fara neman amsarta ba ya cin ko sisi.

Mita ce shaidar farko. A rufe kowane famfo, a hana kowa shiga banɗaki, a kashe injin wanki. A ɗauki hoton lambobin mita, a jira awa ɗaya ko biyu, a sake ɗauka. A yawancin mitoci baƙaƙen lambobi na ƙirga mita kubik, kowace ɗaya lita 1,000 ke nan, jajayen kuma su ne ƙananan ma'aunai. Akwai wata 'yar ƙaramar alama mai kama da tauraro da ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa. In tana motsi alhali komai a rufe yake, to ruwa ba ya tsami banza. Lita 5 kawai a awa ɗaya, lita 120 ke nan a rana, 3,600 a wata.

Daga nan a rufe babban makunnin da ke shigar da ruwa cikin ginin, a koma a duba. In mita ta tsaya, yoyon na cikin gida. In ta ci gaba da gudu, yana tsakanin mita da gini, a bututun da ke binne a ƙasa. Abin takaici, mai gyara nawa ne ke yin wannan kafin ya fasa tayil?

Gidan da ke da tanki a sama, wannan gwajin kan yaudari mutane. Mita ba ta ganin abin da ke fita daga tanki, cikawarsa kawai take ƙirgawa, kuma a lokacin da ruwa ya ɗauke ba za ta motsa ba ko da bango na tsiyaya. Sai dai a rufe hanyar shigar ruwa, a yi alama a daidai inda ruwan ya tsaya, a bar shi ya kwana ba a taɓa famfo ba. In ya sauka, a sake cikawa, a rufe hanyar fita ita ma. In har yanzu yana sauka, tankin ne ya tsage ko mahaɗarsa ta saki. A duba ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, domin in ya lalace ruwa zai yi ta ambaliya ta bayan gida cikin dare, ba wanda ya sani.

Sau da yawa ma ba bango ba ne, masai ne. Robar da ke toshe ƙasan tankin masai takan taurare ko ta lanƙwashe, ruwa ya riƙa silalewa shiru dare da rana, ɗaruruwan lita a yini. A zuba ɗan ruwan kala a tankin, kada a kora, a jira minti 20. In kalar ta bayyana a cikin kwanon, an kama ɓarawo, kuma maganinsa 'yar roba ce. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa shi ma yana zubar da fiye da lita 10,000 a shekara. A shafa busasshen tishu a ƙarƙashin wurin wanke hannu, da tiyo mai lanƙwasa, da bayan hita. Amma ina! Sai a bar jaki ana dukan taiki, a farfasa banɗaki guda saboda abin da za a canza cikin minti goma.

Kuma ba kowane jiƙaƙƙen bango ne yoyo ba. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yakan tsaya kusan mita ɗaya daga daɓe, ya bar farin gishiri a jiki. Wanda ke zuwa da ruwan sama kaɗai, rufi ne ko tsagar bango. A manna leda a wurin, a like gefenta duka, a bar ta kwana biyu: in raɓa ta taru a waje, tururin ɗaki ne, in ta ciki ce, daga bangon yake. Tabon da ba ya ƙaruwa sai an yi wanka a saman bene, bututun fitar da ruwa ne ko tsagar tayil, kuma mita ba za ta taɓa nuna shi ba. A sani kuma ruwa matafiyi ne, yakan bi jikin bututu ko ƙarƙashin daɓe ya ɓullo nesa da inda ya fito. Wanda ya fasa daidai kan tabo caca yake yi da kuɗin wani. Ƙwararre yakan toshe layin, ya ɗaura ma'aunin ƙarfin ruwa ya ga ko allura na sauka, ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, ya saurara da na'ura, sannan ya buɗe wuri ɗaya. In ruwa ya kusanci soket ko fitilar silin, a kashe wutar wannan ɓangaren tun kafin a fara komai.

To, wa zai biya? Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin da aka fi bi shi ne hukuma na da babban bututun titi har zuwa mita ko iyakar fili, abin da ya wuce nan na mai gini ne. A nan zaluncin yake: ruwan da ya tsiyaye a ƙarƙashin ƙasa, wanda ba a sha ba, ba a yi wanka da shi ba, mita ta riga ta ƙirga shi, kuma sunan da ke kan takarda shi za a bi. Hukumomi da dama na rage kuɗin irin wannan asara idan an gyara da wuri an kai shaida. Sai ka nema a rubuce, ka haɗa da rasit da hotunan mita.

Tsakanin mai gida da ɗan haya kuwa, dalilin lalacewar ne alƙali. Bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye a wajen zaren mahaɗa, bututun roba da aka haɗa da ƙarancin gam ko aka sakar masa ruwa kafin gam ya kama, wanda rana ta gasa har ya tsage, ko ƙarfin ruwa da ya wuce kima yana fasa mahaɗa, duk wannan tsufa ne ko mugun aiki, kuma na mai gini ne. Ba ɗan haya ne ya binne bututun ba, haba! Amma wanda ya buga ƙusa ya huda layi, ko ya ɗaura injin wanki da tiyo sako-sako, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Haka wanda ya ga tabo ya yi shiru wata uku har silin ya faɗo, za a iya ɗora masa ɓarnar da jinkirinsa ya ƙara. Shi ya sa faɗa da baki bai isa ba. A aika saƙo a rubuce ranar da aka gani, da hoto. Kada kuma ɗan haya ya yi gaban kansa ya gyara da niyyar cirewa daga kuɗin haya, sai in yarjejeniya ta yarda ko mai gida ya amince a rubuce.

Inshora ma tana da nata wayon. Da yawa suna biyan ɓarnar fashewar da ta zo farat ɗaya, su ƙi wadda ta daɗe tana tsiyaya, kuma sau da yawa ba sa biyan bututun kansa. Kuɗin nemo yoyon da mayar da tayil, wanda yakan fi na bututun nesa ba kusa ba, sai ka duba ko takardarka ta ambace shi.

Kafin guduma ta taɓa bango, a sa mai gyara ya rubuta kuɗin nema daban, na gyara daban, na mayar da siminti da tayil da fenti daban, a kuma amince da wanda zai ɗauki kowanne. Idan an buɗe, a ɗauki hoton wurin kafin a yanke. A karɓi guntun bututun da aka cire a ajiye, domin hudar ƙusa da cin tsatsa ba sa kama da juna, kuma da yawa masu gyara kan jefa shi a shara. Kada a yarda a shafe ramin da siminti a ranar. A saki ruwa, a sake gwajin mita, a bar wurin a buɗe ya bushe tukuna.