Alhakin MH17 bai tsaya kan mutum uku ba

Labari ya zo cewa kotun Holan ta yanke wa Igor Girkin, tsohon kwamandan 'yan awaren gabashin Yukren masu samun goyon bayan Rasha, da wasu mutum biyu ɗaurin rai da rai a bayan idonsu kan kakkaɓo jirgin fasinjan Malesiya MH17, sai ga wasu suna cewa duk farfagandar Turawa ce. Haba jama'a! Mutum 298 ne suka tashi daga Amsterdam za su Kuala Lumpur ranar 17 ga Yuli, 2014, cikinsu yara 80. A gonakin ƙauyukan gabashin Yukren aka tsinto gawarwakinsu, da jakunkuna da fasfo a warwatse. Masu bincike sun bi sawun makami mai linzami ƙirar Buk da ya kakkaɓo jirgin har rundunar Rasha ta 53 da ke Kursk. In Rasha na da gaskiya, me ya sa ta hau kujerar na-ƙi a 2015 da aka nemi Kwamitin Sulhu ya kafa kotu?

Amma ni ban wanke Yukren ba. Kwana uku kafin nan an kakkaɓo jirgin sojanta a yankin, duk da haka iyakar ƙafa 32,000 na sararin samaniyar ta rufe, MH17 kuwa yana ƙafa 33,000. Hukumar binciken Holan da kanta ta ce akwai isasshen dalilin rufe sararin gaba ɗaya.