Allah ya jikan mai zane

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin rasuwar wani dattijo mai zana sassan jikin mutum a littattafan likitanci ya taba ni kwarai wallahi, Allah ya jikan shi ya ba iyali hakuri. Na ga wasu na tambaya wai zane ma aiki ne? Ni ma'aikaciyar lafiya ce nan Anka, ku tambaye mu. Lokacin gubar dalma a 2010 da yara sama da 400 suka mutu a Zamfara, mafi yawan matan da muke ma bayani ba su karatun boko, takarda ba ta yi masu komai, amma ka nuna zanen yaro na wasa kusa da inda ake nikan dutsen zinare mai dauke da dalma, da hannu zuwa baki, nan take uwa za ta gane. Mu ma a makaranta da zane muka san yadda jijiya ta bi, hoton kamara duk jini ne ba ka bambance komai. Ga shi marubuci, kuma 'ya'yan shi sun ce bai taba barin aiki ya hana shi zama da su ba, wannan kam ba kowane namiji ba. Don Allah a tattara zane-zanen shi a kai makarantun koyon aikin jinya.